Siddiƙu, Mai Tsaron Zauren Dara

Malam Siddiƙu ba ya iya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya san shi a Wurno, wannan zai fara gaya maka. Da an sallame asuba, kafin mutane su gama gaisawa a ƙofar masallaci, shi ya riga ya tada babur ya nufi fadama. Can zai tada injin ban-ruwa, ya buɗe wa fangalin albasa na farko, sannan ya haye gaɓar magudanar ruwa, domin nan kaɗai sabis ke kamawa sosai. Sai ya zaro wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya kanne ido ɗaya, ya fara karatu.

Ba a tsaye yake karatun ba, ba kuma a zaune ba. Tafiya yake yi, ya kai wancan bakin gaɓa ya dawo, ya sake komawa, leɓɓansa na motsi. Wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai, wani lokaci ya ja tsaki har maƙwabcinsa na gona ya ɗago kai. Saƙonnin zauren hira na 'yan dara ne, ɗari uku, wata rana ɗari biyar, duk sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau nawa ruwa ya cika fangali ya ɓalle yana can saman gaɓa, sai an ƙwala masa kira ya sheƙo da gudu da fartanya a hannu. Matarsa Uwaliya takan ce albasarsa ce kaɗai a duk fadamar Wurno da ke shan ruwa gwargwadon rigimar mutane: in zaure lafiya, ta sha daidai, in an kwana ana faɗa, ta yi iyo.

Shekara bakwai ke nan yana wannan aiki, ba albashi, ba ofis, ba ko takardar shaida. A ƙarshen watan nan zai ajiye shi. Shi ya sa na ga ya wajaba a faɗi wane ne shi tun yana raye yana ji.

Ga wanda bai san zauren ba, ga yadda abin yake. Wasu matasa ne a Kaduna suka kafa ɗan kamfani, suka ɗauko darar nan tamu ta gurabe da tsinke suka sa ta cikin waya. Kana Goronyo kana iya karawa da mutumin Rabah ba tare da ka taka ko nan da can ba. A gefen wasan kuma suka buɗe wurin hira, suka kira shi zaure, don 'yan wasa su riƙa tattaunawa. Ba su san abin da suka buɗe ba. Mutanenmu na gabashin Sakkwato suka cika wurin. Da farko gardamar dara ce: 'yan Wurno su ce kaza haramun ne a wasa, 'yan Rabah su ce haka kakanninsu ke yi. Daga nan aka gangara kan farashin albasa, da labarin ruwan madatsa, da wanda ya yi aure, da wanda ya rasu. Daga nan kuma sai zagi. In aka ci mutum wasa uku a jere, sai ya koma zaure ya sauke haushinsa a kan iyayen wanda ya ci shi.

Siddiƙu ɗan wasa ne kamar kowa, kuma ba gwani ba. Abin da ya bambanta shi, in faɗa ya ɓarke ba ya iya wucewa. Sai ya shiga tsakani, ya ba wannan haƙuri, ya zolayi wancan, har wuta ta lafa. Jami'ar kamfanin da ke kula da 'yan wasa, wata mai suna Turai, ta lura da shi. Ta kira shi ta ce za su ba shi mabuɗi: ikon share saƙon kowa, da ikon rufe bakin kowa na kwanaki. Ya ce zai gwada na wata ɗaya.

A shekarar farko, gaskiya, hannunsa na da sauri. Shi da bakinsa yake faɗi. Duk abin da ya ga zai tada hankali, sai ya share. Zauren ya yi tsaf kamar tsakar gidan amarya, shi kuma yana jin daɗi.

Sai damina ta zo da ƙarfi. Wata safiya wani masunci kuma manomi daga Kagara, mai suna Lauwali, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa gulbi na tasowa yadda bai taɓa gani ba, duk mai inji ko taki ko dabba a fadama ya kwashe yau, kada ya jira gobe. Kafin wannan an yi irin wannan ihu har sau biyu a makon, mutane suka yi ta gudu, ba abin da ya faru. Siddiƙu ya duba saƙon, ya ce wani mai son tada hankali ne kuma. Ya share. Bai kira Lauwali ba, bai tambayi kowa ba.

Washegari da hantsi ruwa ya zo. Ba a rasa rai ba, Allah Ya tsare, amma injuna sun tafi, shinkafa ta nutse, awaki sun bi ruwa. Cikin waɗanda suka yi asara akwai mutanen da da sun ga saƙon nan da sun kwashe kayansu. Shi kansa Lauwali, garin zagayawa yana gaya wa mutane da baki tunda an share masa rubutu, bai samu ya ceci nasa ba. Gonarsa ta zama rairayi. Daga baya dole ya kwashe iyalinsa ya koma wajen surukansa a ƙasar Gandi, aka ba shi aron fili.

Uwaliya ta ce kwana uku Siddiƙu bai gama tuwon da aka sa masa ba. Ya shiga ɗaki ya fito, ya je ƙofar gida ya dawo. A rana ta huɗu ya hau babur ya je har inda Lauwali yake tsugune a kan tudu da 'yan komatsansa, ya tsaya gabansa ya cire hula.

“Lauwali, ni na share. Ba kamfani ba, ni. Ka gahwarta mini.”

Lauwali ya ɗago kai. “Malam, mi kaka so in ce? Ruwa ya riga ya tahi da abin da zai tahi da shi.”

“Ka ce abin da ke ranka.”

“Abin da ke raina, wa ya ba ka ikon rufe bakin mai gaskiya?”

Siddiƙu ya mayar da hularsa ya hau babur. Ya dawo gida ya rubuta a zaure, gaban kowa, cewa ya share gaskiya da hannunsa, mutane sun yi asara saboda shi. Ya kuma kafa wa kansa doka: daga ranar ba zai sake share saƙon kowa a ɓoye ba. In zai share, sai ya kira mai shi tukuna, in bai same shi ba ya bar bayani a wurin, ya faɗi abin da ya cire da dalili. Lauwali ya yafe masa, har suka zama abokai, irin abotar da ake ƙullawa a kan tabo.

Tun daga nan hannunsa ya yi nauyi. Mutane su yi ta gardamar siyasa har a gaji, ya bari. A caccaki shi kansa, ya bari. Zagin iyaye kawai yake cirewa, shi ma sai ya kira ka ya ce, “Ɗan'uwa, gyara da kanka ko in gyara maka?” Yawanci kunya ke sa mutum ya goge da hannunsa.

A shekara ta biyar kamfanin ya sabunta wasan. Sabon ya zo da tallan caca da ke faɗowa a tsakiyar wasa, ga cin caji, ga tsinkewa daidai lokacin da za ka ci. Zaure ya kama da wuta. Malamai suka ce ba za su bari 'ya'yansu su ga tallan caca ba. Wasu suka kira kamfanin maciya amana. Kwana biyar ba a maganar komai sai wannan. A rana ta shida Turai ta kira shi yana tsakiyar ban-ruwa.

“Baba, shugabanninmu sun ce a share duk ƙorafin nan. Akwai baƙin da za su duba zauren mako mai zuwa. Kuma daga yanzu maganar wasa kawai za a riƙa yi, ban da albasa, ban da ruwa, ban da siyasa. Zauren na kamfani ne, Baba, ba dandalin gari ba ne.”

Maganarta ba ta rasa gaskiya ba, shi ma ya san haka. Su suka gina wurin, su ke ɗauke da nauyinsa, in aka yi ɓarna a ciki su hukuma za ta nema. Ya yi ta safa da marwa a kan gaɓa, waya a kunne.

“Ɗiyata,” ya ce, “gidanku na, ban musa ba. Amma ku kunka buɗe ƙofa kunka ce mu shigo. Mutum ya shigo gidanka ya ce rufinka na zuba, sai ka toshe mai baki? Ruwan zai daina zuba? Wanda ya zagi uwar wani cikinku, nuna mini, yanzu in cire. Wanda ya ce wasanku ya lalace, gaskiya ya hwaɗi, ni ma nawa ya lalace.”

“To in ba za ka yi ba, za su karɓe mabuɗin.”

“Su karɓa. Na taɓa share gaskiya sau ɗaya, na ga abin da ta ci. Ban ƙarawa.”

Suka karɓe. Kwana tara zauren na hannun wani ma'aikacinsu da bai san Wurno daga Rabah ba, yana share duk abin da ya gani. Ka yi sallama ka tambayi farashin taki, a share. Mutane suka fara ficewa rututu. Shi kuwa Siddiƙu, da ba shi da sauran iko, ya zauna, in ana iya kiran abin da yake yi zama, ya tattara ƙorafin mutane ya tsara su guda goma sha ɗaya, ya cire zagin ya bar ainihin maganar, ya aika wa Turai. Ita ta kai gaban shugabanninta ta tsaya a kai. A rana ta goma aka cire tallan caca, aka maido masa mabuɗi.

Ranar nan ba irin kirarin da ba a yi masa ba. Garkuwar talakawa. Bango madafar bayi. Lauwali ya fi kowa ɗaga murya, ya rubuta cewa duk wanda ya taɓa Malam Siddiƙu ya taɓa shi. Uwaliya da ta karanta sai ta ce, “Ka dai yi hankali. Bakin da ya yi maka guɗa, shi ka yi maka ihu.”

Ba a yi wata biyu ba.

Ranar kasuwar Gandi ce, da hantsi. Siddiƙu na kan gaɓa sai saƙon Lauwali ya faɗo. Shanu sun shiga gonarsa, sun tattake irin albasar da ya yi wata ɗaya da rabi yana raino, sun cinye abin da suka cinye. Ya sa hoton gonar, abin tausayi. A ƙarƙashinsa ya sa hoton wani makiyayi mai suna Mode, wanda duk zaure ya sani domin yana cikin gwanayen dara, ya rubuta: wannan ne ya yi, kuma kowa ya sani shi ke kai wa 'yan bindiga rahoto, yau yana kasuwar Gandi, duk mai kishi ya san abin yi.

Wanda ke zaune a ƙasarmu a shekarun nan ya san nauyin wannan magana ta kai rahoto. Ba a binciken ta. In aka jefa wa mutum ita a tsakiyar kasuwa, kafin a gane gaskiya an riga an yi masa sutura.

Siddiƙu ya kira Lauwali. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka kashe. Ya dubi saƙon: mutum goma sha biyu sun gani. Ya kai bakin gaɓa ya juyo: talatin. Yatsansa na kan wurin sharewa, ya kasa dannawa. Wannan fa Lauwali ne, mutumin da ya taɓa rufe wa baki yana kan gaskiya. In yau ma gaskiya ce fa? In Mode na kai rahoton, aka share, aka zo aka kashe mutane, wa zai ɗauki wannan alhaki? Ya ce a ransa bari ya jira, ya ƙara kira. Mutum hamsin da biyu. Wani ya riga ya rubuta a ƙasa: muna hanya.

Minti huɗu ya yi a haka, ya ce sun fi masa damina tsawo. Sai ya danna. Ya bar hoton gonar da maganar ɓarnar shanu yadda suke, ya cire hoton Mode da zargin. Ya rufe bakin Lauwali na kwana bakwai. Ya rubuta: “Ni Siddiƙu na cire hoton mutum da zargin da zai iya sa a kashe shi. Ban ce ƙarya ne ba, ban sani ba. Wanda ke da hujja ya kai wa hukuma, zan raka shi da ƙafata.”

Amma ya san sharewa ba ta isa ba. Cikin hamsin da biyun nan wasu sun ɗauki hoton saƙon, yanzu yana yawo daga waya zuwa waya inda mabuɗinsa ba ya kaiwa. Ya kira Mode, wayar a kashe. Bai ko tsaya kashe injin ba, ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira ya kula masa, ya haye babur.

Waɗanda suka gan shi a hanyar Rabah ranar sun ce ba su taɓa ganin dattijo na gudu haka ba, hula a aljihu, riga ta cika da iska. Rana ta take ya shiga Gandi. Ya ratsa 'yan hatsi, ya ratsa 'yan gwari, yana tambaya, har ya kai kara, inda ake cinikin dabbobi. Ga Mode can tsaye riƙe da igiyar tumaki biyu, yana ta ciniki, bai san komai ba. Ga kuma samari sun kai goma sha biyar sun fara taruwa ta bayan rumfa, wasu da sanduna, ɗaya na nuna wa sauran waya.

Siddiƙu ya wuce su kai tsaye. Ya je ya kama hannun Mode kamar tsohon aboki, alhali ranar ce farkon ganinsu ido da ido.

“Ni na Siddiƙu na zaure. Saki igiyar ga, biyo ni. Kada ka waiwaya.”

“Lahiya, Malam?”

“Tahiya dai.”

Ba su yi taku ashirin ba samarin suka tare gabansu. Lauwali na cikinsu, idanunsa jawur, ƙafafunsa duk taɓo, ko wankewa bai yi ba tun daga gona.

“Malam, sake shi. Kai kuma? Sau biyu ke nan!”

“Sau biyu, Lauwali. Na farko na yi kuskure, na hwaɗi gaban duniya. Wanga ban sani ba tukuna.”

“To in ba ka sani ba, mi ya kawo ka?”

“Rashin sanin na ya kawo ni. Kai ka gani da idonka yana kai rahoto?”

Lauwali ya ce, “Kowa na hwaɗi.”

“Wa ya gani? Cikinku wa ya gani, shi ɗaga hannu.” Ya juya yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, bai saki hannun Mode ba. Ba wanda ya ɗaga. “To ga ni, ga shi. Gidan hakimi za mu. Ku biyo mu da sandunanku, in an same shi da laihi hukuma na nan. Wanda kuma ba ya iya jira, shi fara da ni, na fi shi tsufa, ban da wuyar kayarwa.”

Dillalan kara da wasu dattawa sun riga sun matso. Ɗaya daga cikinsu ya shiga gaba, wani ya tsaya a baya, aka sa su a tsakiya. Haka aka ratsa kasuwa, ana ta gunaguni, har ƙofar gidan hakimi.

Kwana huɗu ana bincike. Abin da aka gano bai yi wa kowa daɗi gaba ɗaya ba. Shanun da suka shiga gonar Lauwali na gidan su Mode ne, ƙanensa ne ya yi sakaci, kuma Mode bai musa ba, suka ɗauki nauyin gyara ɓarnar. Maganar rahoto kuwa, aka bi ta baki-baki har aka kai ga wanda ya fara faɗinta, sai ga shi wani ne da suka taɓa saɓani da Mode a kan mashayar dabbobi. Ba hujja ko ta ƙwayar gero. Shi Mode ma, ashe an sace wa mahaifinsa shanu bara.

Kada ka zaci an yi wa Siddiƙu tafi. Da ya koma zaure ya tarar an yi masa kaca-kaca. Waɗanda suka kira shi garkuwa su ne yanzu ke kiransa karen kamfani, ɗan kama-karya, mai kare makiyaya. Suka ce ai rabin maganar Lauwali gaskiya ce, don me aka rufe masa baki? Wasu kuma ta ɗaya ɓangaren suka ce minti huɗun da ya yi yana jinkiri su suka kusa kashe mutum, me ya sa bai share nan take ba? Turai ta kira ta ce in yana so a rufe zauren na mako guda har ƙura ta lafa. Ya ce a'a. Ya buɗe fili na musamman, ya ce kwana uku kowa ya faɗi abin da ya ga dama a kan Siddiƙu, ba zai cire ko harafi ba. Bai kuma cire ba. Uwaliya ta ce a kwanakin nan ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana karanta zagin kansa yana zagaya tsakar gida.

A cikin hayaniyar nan wata malamar firamare daga Rabah, Malama Kyauta, ta rubuta abin da ya tsaya masa a rai. Ta ce ita ba ta ce ya yi laifi ba a wannan karon. Amma yau an dace mai mabuɗin mutumin kirki ne, gobe fa? Ta ce bakin mutum dubu huɗu bai kamata ya rataya a kan yatsan mutum ɗaya ba, ko da waliyyi ne, kuma shi da kansa shaida ne cewa yatsan nan na kuskure. Wasu suka taso mata, suna cewa ta raina dattijo. Siddiƙu ya rubuta layi ɗaya: “Malama ta fi ni gaskiya.”

Daga nan aka canza tsari, shi ya matsa wa kamfani har suka yarda. Duk saƙon da aka cire ba ya ɓacewa, ana ajiye shi. Mutum uku da 'yan zaure suka zaɓa, ɗaya daga Wurno, ɗaya daga Rabah, ɗaya daga Goronyo, su ke dubawa cikin yini guda, in biyu suka ce a maido, a maido. Sau shida suka soke hukuncinsa a shekara biyun nan. Sau shida yana maidowa da hannunsa, ya rubuta a ƙasa cewa an fi shi gani. Ban ce yana jin daɗi ba. Akwai hukuncin da har yau in an tuna masa sai ya miƙe ya fara zagaye yana cewa su suka yi kuskure. Amma ya maido.

Lauwali kuwa, tun da kwana bakwai ɗinsa suka cika bai sake cewa uffan a zaure ba. Yana shiga ya yi wasa ya fita. In sun haɗu a wurin jana'iza ko suna, gaisuwa ce ta fatar baki. Wannan ya fi duk zagin ci wa Siddiƙu rai.

Yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce ko ya rage kallon waya ko ya rasa sauran ganin da ya rage. Da aka sanar zai sauka, 'yan zaure suka zaɓi Malama Kyauta ta gaje shi, shi ya fara jefa mata ƙuri'a. Mako guda ke nan ana ta rubuta masa ban-kwana, Uwaliya ke karanta masa da la'asar, domin shi baƙaƙen sun fara haɗe masa. Mode ya aiko da saƙon murya, rabi Hausa rabi Fulatanci, ya kasa ƙarasawa. Shekaranjiya kuma tana cikin karatu sai ta tsaya.

“Wanga na Lauwali na.”

Ya daina zagayen da yake yi. “Karanta.”

Ta karanta: “Sau biyu Malam Siddiƙu na rufe mini baki. Na farko ina da gaskiya, ya zo har kan tudu ya cire hula ya roƙe ni. Na biyu, da ya bar ni, da yau ina ɗauke da jinin mutum. Shekara biyu ina neman ƙarfin halin da zan cire tawa hular, ban samu ba sai yau. Malam, ina tahe ran Juma'a.”

Uwaliya ta ɗago ta dube shi. Ya nemi turmi ya zauna a kai, ya rufe fuska da hannu biyu, ya daɗe.

Malam Siddiƙu, kai ne ka nuna mana cewa riƙon mabuɗi ba sarauta ba ce, dako ne. Kai ne ka ƙi share gaskiya don mai gida ya ji daɗi, ka kuma ƙi barin zargi don jama'a su yi maka tafi. Masu iko suka ƙwace maka mabuɗi, masoyanka suka zage ka, duka biyun ka shanye. Ka yi kuskure ka faɗa da bakinka tun ba a tambaye ka ba, abin da manya da yawa ke mutuwa ba su iya ba. Da aka ce ikonka ya yi yawa, ba ka yi fushi ba, ka miƙa wuya aka sa maka linzami. Kuma ranar da dannawa ba ta isa ba, ka ajiye waya ka kai jikinka.

Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar ido, Ya ba Malama Kyauta juriyar abin da ta ɗauka.

Mu kuma da muka rage, kusan kowannenmu yau na riƙe da wani zaure a aljihunsa, na dangi ne, na unguwa, na 'yan kasuwa ko na tsofaffin ɗalibai. Kafin ka goge maganar wani, kira shi ka ji. Kafin ka tura sunan wani gaba, tambayi kanka ko ka gani da idonka. Ba kowane wanda aka jefa wa zargi ba ne zai samu dattijon da zai bar gonarsa ya zo ya kama masa hannu a tsakiyar kasuwa.